Thunderbird ɗinka yana rufe kansa lokaci-lokaci? Kar ka yi saurin fomat

Cikin matsalolin kwamfuta babu mai ci wa mutum rai irin wadda take zuwa ta tafi. Manhajar imel ta yi kwana biyu lafiya lau, rana ta uku kana tsakiyar rubuta wa oga amsa sai kawai ta ɓace daga allo, ka sake buɗewa ta dawo kamar ba ita ba, ka ɗauka ka kai wa mai gyara kuma ta ƙi yi a gabansa. Abinda yawanci ake ce maka shine a cire a sake sawa, in ya ƙi a yi fomat. Ni gaskiya wannan shawarar tana ɓata min rai, domin ita ce take jawo mutane su rasa wasiƙun shekaru, kuma sau da yawa bayan sati ɗaya matsalar ta dawo.

Zan yi magana ne akan Thunderbird, manhajar imel ta Mozilla, a kan Windows tunda shi na fi sani, masu Outlook akwai naku can ƙasa.

Dalilin da yasa cirewa da sake sawa ba ya magani shine, ita manhajar tana zaune a Program Files, amma wasiƙunka da saitinka da faswod da lambobin mutane duk suna wani wuri daban da ake kira firofayil. In ka cire Thunderbird firofayil ɗin yana nan ba a taɓa shi ba, kana sake sawa zai koma ya ɗauko shi da duk wata cutar da ke ciki. To ka ga an yi ba a yi ba kenan.

Kafin ka taɓa komai ka kwafe firofayil ɗin. Ka rufe Thunderbird gaba ɗaya, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta %APPDATA%\Thunderbird ka danna Enter, foldar da ta buɗe ka kwafe ta dukkanta zuwa wani wuri, in da hali wani faifan daban. Masu Linux tana ~/.thunderbird, masu Mac tana ~/Library/Thunderbird. In filash zaka sa ka duba ko FAT32 ne, don FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, kuma Inbox ɗin wasu ya wuce haka, sai kwafin ya tsaya a hanya kai kana ganin ka yi bakup alhali babu. Akawun ɗin imel yawanci ko POP ne ko IMAP, kuma wannan ya fi muhimmanci ga mai POP, saboda POP yana sauke wasiƙa zuwa kwamfuta kuma ya danganta da saiti yana iya goge ta daga sabar, wato ma'ajiyar kamfanin imel ɗinka a intanet, ma'ana wadda ke kwamfutarka ita kaɗai ce ta rage a duniya. Mai IMAP wasiƙunsa suna sabar, shi da sauƙi, amma ko shi abinda ya ajiye a Local Folders a kwamfutar kawai yake. In ka leƙa cikin firofayil, wanda a Windows yake cikin foldar Profiles da ke nan ciki, zaka ga folda mai suna Mail, nan POP da Local Folders suke, da kuma ImapMail.

Yanzu sai ka tantance me yake faruwa takamaimai, don mutane suna haɗa abu uku su kira su da suna ɗaya. Akwai wanda tagar take ɓacewa lokaci guda, wani lokacin ƙaramin akwati na Mozilla Crash Reporter ya fito yana ba da haƙuri. Akwai wanda tagar tana nan amma ta yi fari ta daskare, sama an rubuta Not Responding, in ka yi haƙuri minti biyu ko uku wataƙila ta dawo. Sai kuma wanda kwamfutar ce gaba ɗaya take mutuwa ko ta kawo shuɗin allo ta yi ristat. Na farko shine rushewar manhaja na gaske. Na biyu yawanci wani aiki mai nauyi ne ya riƙe ta, ko folda ta yi girma ko antibairos ya danne fayil. Na ukun kam ba laifin Thunderbird bane, manhajar imel ba ta da ikon kashe Windows, can wajen ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ko zafi ko direba, wato manhajar da take tafiyar da kayan inji, zaka nema.

Sannan ka samu takarda da biro, da gaske nake, ko ka buɗe Notepad. Duk lokacin da ya rufe ka rubuta rana da ƙarfe nawa da abinda kake yi a daidai lokacin, kana buɗe wasiƙa ne, kana liƙa fayil, kana bincike, ko baka ma taɓa shi ba yana can ƙasa shi kaɗai, ko kwamfutar ta tashi daga barci ne, ko netwok ya yanke ya dawo, ko an ɗauke wuta an koma janareto. Abinda mutum yake cewa "haka kawai yake yi ba dalili" in an rubuta sau biyar ko shida sai ka ga dalilin ya fito fili, misali kullum sai in an danna folda ɗaya, ko kullum bayan kamar minti goma da buɗewa wanda shine lokacin da yake zuwa duba sabbin wasiƙu. Kuma ƙa'ida ɗaya da nake roƙon ka riƙe: abu ɗaya zaka canza a lokaci guda, ka jira ka gani. In ka sha magani uku a tare ka warke baka san wanne ya yi aiki ba, in ciwon ya dawo ka koma farko. Tsawon jiran kuma ya danganta da yadda yake yi, in da kullum yake rufewa kwana biyu ko uku sun isa, in sau ɗaya ne a sati to sai ka ba shi sati biyu kafin ka ce an dace.

Ita kanta manhajar tana ajiye bayanin mutuwarta, mutane ne basa dubawa. Ka shiga Help, ka zaɓi Troubleshooting Information, ka gangara zuwa wurin Crash Reports. Zaka ga dogayen lambobi, wanda ya fara da bp- an riga an tura shi wa Mozilla, in ka danna shi zai buɗe maka shafi a crash-stats.mozilla.org. Kar yawan rubutun ya tsorata ka, layi ɗaya kake nema mai suna Signature. Ka buɗe rahoto uku ko huɗu ka kwatanta. In Signature ɗin iri ɗaya ne a duka, alhamdulillahi, matsala ɗaya ce kuma za a iya kama ta, ka kwafe shi ka bincika a intanet zaka iya tarar da wasu sun riga ka. In ka ga OOM a ciki ram ne ya ƙare masa. In ka ga shutdownhang to a wajen rufewa ne yake maƙalewa. In kuwa kowane rahoto da nasa Signature daban, yau wannan gobe wancan ba su da alaƙa, to ni a nan na fi zargin ita kwamfutar da kanta, musamman ram.

Windows ma yana da nasa littafin. Ka danna Windows da R ka rubuta perfmon /rel, zai nuna maka kwanaki a jere da jan alama a duk ranar da wani abu ya rushe, har da ranar da aka sa ofdet ko sabon direba. Wannan ina son shi sosai don nan take zaka ga ko Thunderbird kaɗai ne yake yi ko Chrome da Word ma suna yi baka lura ba, kuma zaka ga ko ranar da abin ya fara ita ce ranar da aka sa wani sabon abu. In kana son ƙarin bayani ka rubuta eventvwr.msc, ka shiga Windows Logs sannan Application, ka nemi kuskure mai lamba 1000, a ciki akwai layin Faulting module name. In an rubuta xul.dll, cikin Thunderbird ne kansa. In suna ne da ya fara da nv ko ig ko ati, direban hoto ne na Nvidia ko Intel ko AMD. In kuma sunan ya yi kama da na antibairos ɗinka, ka samu mai laifi.

Gwaji na farko mafi sauƙi shine Troubleshoot Mode, wanda da ake ce masa Safe Mode. Yana cikin Help, ko ka riƙe Shift lokacin da kake buɗe manhajar. Abinda yake yi shine ya kashe duk add-ons, wato ƙananan ƙarin manhajojin da aka liƙa masa, da kwalliyar fuska, ya kuma daina amfani da katin hoto wajen zana allo. Kuskuren da ake yi anan shine a buɗe shi minti biyar a ce ai bai rufe ba ya gyaru, alhali dama ba kowane minti biyar yake rufewa ba. Ka yi aikinka na yau da kullum a cikinsa na tsawon kwanakin da muka ce, kuma duk buɗewa sai ka sake riƙe Shift don ba ya zama a haka.

In ya zauna lafiya a wannan yanayin, abu biyu ne ake zargi. Ka fara da na hoto don shi dannawa ɗaya ne: Settings, General, ka gangara ƙasa ka cire alamar Use hardware acceleration when available, ka rufe ka buɗe. Tsofaffin laftop na hannu masu katin Intel da direbansu ya shekara da shekaru ba a sabunta ba, wannan kaɗai yakan isa. In bai isa ba sai add-ons, kuma ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba, ka kashe rabi ka bar rabi, in ya rufe mai laifin yana cikin waɗanda ka bari, ka sake raba su biyu, haka har ya rage ɗaya. Tun fitowar Thunderbird 78 a 2020 aka canza tsarin add-ons gaba ɗaya, sannan 115 da ya fito a 2023 ya canza fuskar manhajar sosai, don haka duk wani add-on da mai shi ya daɗe bai taɓa shi ba abin zargi ne.

In kuma har a Troubleshoot Mode yana rufewa, to mu koma kan wasiƙun kansu, kuma anan ne zan daɗe don anan yawancin matsalar take a wajenmu. Thunderbird ba ya ajiye kowace wasiƙa a fayil nata, a tsarinsa na asali duk wasiƙun folda ɗaya suna cikin ƙaton fayil guda, misali Inbox wanda ba shi da komai a bayan sunansa, sai ƙaramin abokinsa Inbox.msf wanda shine jadawalin da yake nuna ina kowace wasiƙa ta fara ina ta ƙare. In wuta ta ɗauke a daidai lokacin da yake rubutu, kuma kwamfutar tebur ce ba UPS ko laftop ce da batirinta ya mutu sai a caji, jadawalin nan yana iya lalacewa, daga nan sai ka danna wasiƙa ta buɗe wata daban, ko ta fito ba komai, ko manhajar ta rushe. Gyaransa: ka danna dama a kan foldar, Properties, sannan Repair Folder. Zai sake gina jadawalin daga ainihin fayil ɗin. In ma ba ya bari ka kai ga nan, ka rufe shi ka shiga firofayil ka goge fayil ɗin .msf na wannan foldar, zai yi sabo da kansa. Don Allah ka kalli sunan da kyau kafin ka goge, mai .msf kaɗai, wanda ba shi da komai a baya shine wasiƙunka. In IMAP ne ka sani Repair Folder zai sake sauko da wasiƙun foldar, data zai ci.

Wani abin da mutane da yawa basu sani ba, in ka goge wasiƙa ba ta fita daga ƙaton fayil ɗin nan, alama kawai ake sa mata a ɓoye ta, sai an yi abinda ake kira Compact sannan take fita da gaske. Shi yasa zaka ga mutum Inbox ɗinsa wasiƙa ɗari biyu ne a ido amma fayil ɗin giga da yawa. Ka danna dama a kan folda ka zaɓi Compact, amma da sharaɗi: ka riga ka yi bakup, akwai isasshen wuri a faifan, kuma ka tabbata wuta ba zata yanke a tsakiya ba, don yana rubuta sabon fayil ne na wucin gadi kafin ya maye gurbin tsohon. In ka leƙa firofayil ka ga fayiloli masu suna nstmp, shaida ce an taɓa fara Compact bai ƙarasa ba. Kuma in kana zargin folda ta riga ta lalace, Repair zaka fara yi, ko ka kwashe wasiƙun zuwa sabuwar folda tukunna, kar ka fara da Compact. Bayan haka ka rage wa Inbox kaya, ka zaɓi tsofaffin wasiƙu ka danna harafin A zai kai su Archives ya jera su shekara-shekara.

Wani lokacin wasiƙa ɗaya ce tak mai matsala, kana danna ta yake mutuwa, kuma da yake ita ce a sama kana buɗe foldar zai yi ƙoƙarin nuna ta ya sake mutuwa. Ka danna F8 ya rufe gefen da yake nuna cikin wasiƙa, sai ka iya zaɓenta ka goge ba tare da ta buɗe ba, ko ka shiga akawun ɗin ta burawza ko ta waya ka goge ta daga can.

In takardarka ta nuna yana daskarewa ne lokacin bincike ko lokacin da baka taɓa shi ba, akwai fayil a firofayil mai suna global-messages-db.sqlite, shine ma'ajiyar binciken gaba ɗaya. Ka rufe manhajar ka goge shi, ba wasiƙa a ciki, zai sake ginawa, sai dai zai yi nauyi na wasu awanni in wasiƙun suna da yawa.

Sai antibairos. Tunda Inbox fayil ɗaya ne, duk wasiƙar da ta shigo fayil ɗin ya canza, antibairos ya taso zai duba shi daga farko, ya riƙe shi, Thunderbird yana son rubutu an hana shi. Mafi muni shine in ya ga bairos a wasiƙa ɗaya ya kwashe Inbox ɗin dukkansa ya kulle. Ka shiga Settings, Privacy & Security, ka sa alama a wurin da yake ba antibairos damar killace wasiƙa ɗaya-ɗaya. Don gwaji kuma ka sa foldar firofayil cikin Exclusions na antibairos ɗin, a Windows Security yana ƙarƙashin Virus & threat protection, Manage settings. Duk fayil ɗin da ka sauke daga wasiƙa zuwa wani wuri za a duba shi kamar kullum. In kana da antibairos biyu a kwamfuta ɗaya ka cire ɗaya, haka ma wanda lasisinsa ya ƙare tun bara yana nan zaune yana cin ram. Kuma kar ka ajiye firofayil a cikin foldar OneDrive ko Dropbox, suma suna riƙe fayil lokacin da suke tura shi.

Ka duba Help, About Thunderbird, ka ga lambar da kake kai da kuma ko 32-bit ne ko 64-bit. Mai 32-bit ba zai iya amfani da ram fiye da giga 4 ba ko da kana da 16, don haka wanda yake ganin OOM kuma Windows ɗinsa 64-bit ne ya sauko da mai 64-bit daga thunderbird.net. Wanda yake kan Windows 7 ko 8 ya sani 115 ne na ƙarshe da zai hau masa, daga 128 sai Windows 10 zuwa sama. In abin ya fara ne daidai bayan ofdet, ka fara neman wani ofdet ɗin da ya biyo baya kafin ka yi tunanin komawa tsohon, saboda firofayil ɗin da sabo ya riga ya buɗe tsoho ba ya yarda ya buɗe shi kai tsaye, kuma tilasta masa yana iya ɓata littafin adireshi da kalanda.

Duk wannan bai yi ba, sai sabon firofayil, wanda shine ainihin abinda masu fomat suke samu ba tare da sun sani ba, amma kai zaka same shi ba tare da ka rasa komai ba. Windows da R, ka rubuta thunderbird.exe -P, ka zaɓi Create Profile, ka ba shi suna, ka sa akawun ɗaya kacal a ciki ba add-on ko ɗaya. Tsohon yana nan kar ka goge shi. Kafin ya fara sauke wasiƙu ka shiga Account Settings, Synchronization & Storage, ka ce masa na kwana 30 na baya kaɗai zai sauko da su, in ba haka ba mai Gmail da ya kusa cika giga 15 ɗinsa zai wayi gari data ta ƙare, balle foldar All Mail da take maimaita duk abinda ke sauran foldodin. In sabon ya zauna lafiya sai ka dinga dawo da kaya a hankali, akawu na biyu, sannan abook.sqlite wanda shine littafin adireshi, sannan fayilolin Local Folders ba tare da .msf ɗinsu ba, kana yi kana jira tsakanin kowane mataki.

In sabon firofayil ma yana rufewa, ka bar manhajar haka ka juya kan inji. Ka rubuta mdsched.exe ya gwada ram, ko ka sa MemTest86 a filash ka bar shi ya kwana yana yi don shi ya fi tsanani, kuskure ko ɗaya ne ya fito to ram ɗin nan ba lafiya. In sanda biyu ne a ciki ka cire ɗaya ka gwada, sannan ka musanya. Ka duba lafiyar faifan ajiya da CrystalDiskInfo, in ya nuna Caution ka kwashe kayanka yau ba gobe ba. Ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta sfc /scannow ya duba fayilolin Windows. Zafi ma kar ka raina shi, laftop ɗin da ta sha ƙurar hunturu ba a buɗe an share fankarta ba, ta shigo zafin Maris da Afrilu a ofis ba AC, in ka duba takardarka ka ga kullum tsakanin azahar da la'asar abin yake faruwa ai ba sai an faɗa maka ba.

Masu Outlook, tsohon wanda yake zuwa da Office nake nufi, hanyar tunanin ɗaya ce sunaye ne suka bambanta. Ka riƙe Ctrl lokacin buɗewa ko ka rubuta outlook.exe /safe. Add-ins suna File, Options, Add-ins, ka zaɓi COM Add-ins a ƙasa ka danna Go. Wasiƙunku suna cikin fayil .pst ko .ost, na .pst shine wanda ake kwafewa a adana kuma ana gyara shi da scanpst.exe da ke cikin foldar Office, na .ost yawanci kwafin abinda ke sabar ne ana iya barin Outlook ya sake gina shi, sai dai ka fara fitar da duk foldar da aka rubuta This computer only a jikinta. Daga Outlook 2010 iyakar girman fayil ɗin giga 50 ne, amma tun kafin ya kai nan yake fara nauyi. Sabon firofayil ana yinsa a Control Panel, Mail, Show Profiles, kuma akwai Quick Repair da Online Repair na Office, na biyun yana cin data sosai.

In ka kai matakin neman taimako, ko a shafin tallafi na Mozilla ko a Bugzilla, shafin da ake kai wa Mozilla rahoton matsalar manhaja, ko wajen mai gyara, ka tafi da lambar Thunderbird ɗinka da ta Windows, lambobin bp- guda biyu ko uku na kwanan nan, sunan antibairos, ko akawun POP ne ko IMAP, ko yana rufewa a Troubleshoot Mode da sabon firofayil, da takardar nan da ka rubuta lokutan. Fayil ɗin logins.json da key4.db kuwa kar ka tura wa kowa kuma kar ka bar su a filash ɗin da zaka ba wani, su biyun in suka haɗu faswod ɗinka ne gaba ɗaya.